DAKARUN JIKI DA DAJIN ƘARSHEN HANJI

Yau za mu ɗauko muku tarihin wani ciwo wanda mutane ba su son ambatonsa cikin taro, watau dajin nan da kan fito a ƙarshen hanji, daf da dubura. Kai da ka ke zaune a rumfar ɗakin shan magani kana jiran a kira ka, ko a Lahodu ka ke, ko Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, in ka iya karatu, karanta wa na kusa da kai shi ma ya ji. Kada kunya ta hana ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga tambayar da ta daɗe tana damun likitoci. Mutum biyu su zo asibiti da wannan ciwo, girman ƙarinsu ɗaya, likita ɗaya ya yi musu aiki iri ɗaya. Bayan shekara biyar sai ka tarad da ɗaya a gonarsa yana noma, ɗayan kuwa ciwon ya komo masa tun ba a yi shekara biyu ba. Me ya raba su? Kwana na Allah ne, wannan ba gardama. Amma kowane abu da sanadinsa, sanadin wannan kuwa sai da likitoci suka yi fiye da shekara 100 suna bin sawunsa kafin su kama shi. Da suka kama, ashe a jikin majiyyacin kansa ya ke.

DARASIN WURNO

Mu fara daga gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙi sarauta daga 1817 zuwa 1837, shi ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, watau garin tsaron kan iyaka. A ƙarshen zamaninsa can ya fi zama, can ya rasu, can kuma hubbarensa ya ke. Dabarar ribaɗi ita ce kada a jira abokan gaba sai sun iso tsakar gida. A zaunar da dakaru a bakin iyaka, su yi noma nan, su yi tsaro nan, duk wanda ya taho da sharri su tare shi tun daga nesa. Garu komai tsawonsa, in babu maza a bayansa, tsallake shi a kan yi. Ka riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Bello kuwa, ban da mulki, mutum ne mai son ilmin magani. Ya rubuta littafi a kan ciwon ido, ya kuma rubuta wani sukutum a kan basur da magungunansa. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato cikin 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da cewa Sarkin Ingila ya aiko da likita ya zauna a ƙasarsa. Ka ga ke nan shugaban da ya fi kowa girma a ƙasar nan bai ji nauyin rubuta maganar ciwon dubura ba, bai kuma raina ilmin da ya zo daga nesa ba.

Sai dai a wancan zamani, nan da Turai duka, ba wanda ke da hanyar rarrabe basur da daji sosai tun da wuri. Dukansu jini su ke kawowa wajen bayan gida. Basur jijiyoyin jini ne suka kumbura, ya kan dami mutum amma ba ya bin jiki. Daji kuwa tsoka ce ta jikin mutum ta yi tawaye, tana girma ba tsayawa, ta ci bangon hanji, ta bi kaluluwa, daga nan ta aika 'ya'yanta hanta da huhu.

YADDA AKA GANO DAKARUN

Cikin jinin kowane mutum akwai jajayen ƙwayoyi da farare, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin 1863 wani babban likita na Jamus, Virchow, ya lura da fararen nan jibge cikin tsokar daji. Shi dai zato ya yi kumburin da su ke kawowa ne ke haifad da ciwon. Ya ga taro a wurin gobara, bai tabbata ba ko masu kashe wuta ne ko masu hura ta.

Cikin 1882 wani masani mutumin Rasha, Metchnikoff, yana zaune a Messina ta ƙasar Italiya, ya ɗauki ƙaya ya soka wa ɗan tsakon wata halitta ta teku, mai jiki garau kamar gilashi. Da gari ya waye ya duba da madubi, sai ya ga waɗansu ƙwayoyi sun taso daga ko'ina cikin jikin sun kewaye ƙayar. Daga nan aka gane cewa jiki yana da dakarunsa, masu tasowa su far wa baƙo. Su ne yau a ke kira garkuwar jiki. In ka taka ƙaya, wurin ya kumbura ya yi ruwa, mugunyar nan da ka gani gawawwakin dakarun ne da na abokan gabansu.

To, amma daji ba baƙo ba ne, ɗan gida ne ya yi tawaye. Dakaru za su iya gane shi? Wani likitan fiɗa a birnin New York ta Amurka, William Coley, yana cikin waɗanda suka fara gwadawa. Ya binciki tsofaffin takardun asibiti, ya tarad da labarin wani mutum mai daji a wuya, wanda aka yi ta yi wa aiki ciwon na komowa. Sai wani ciwon fata mai zazzaɓi mai zafi ya kama shi, da zazzaɓin ya sauka dajin ya narke. Coley ya bi unguwa unguwa har ya sami mutumin da ransa, bayan shekara bakwai. Cikin 1891 sai ya soma sa wa masu daji ƙwayoyin wannan ciwon fata da gangan, don ya ta da dakarun jikinsu. Waɗansu suka sami sauƙi na ban mamaki, waɗansu kuwa zazzaɓin ya kashe su, har ya koma yin aiki da matattun ƙwayoyi. Ba wanda ya iya faɗin wa zai amfana, wa ba zai amfana ba. Da aka sami hanyar gasa daji da haske mai ƙarfi, sai likitoci suka juya can, aikin Coley ya kwanta. Ya rasu cikin 1936, yawancin abokan aikinsa ba su gaskata shi ba.

ZAMANIN WUƘA DA AWO

A London akwai wani asibiti, St Mark's, wanda aka kafa cikin 1835 musamman domin cututtukan dubura, shekara biyu ke nan kafin rasuwar Bello a Wurno. Da yawa cikin abin da duniya ta sani game da wannan ciwo daga birnin nan ya fito.

Cikin 1908 wani likitan fiɗa na London, Ernest Miles, ya bayyana aikin cire ƙarshen hanji duka har da dubura, a buɗe wa mutum ƙofa a gefen ciki inda bayan gida zai riƙa fita cikin jaka. Aiki ne mai tsanani a lokacin. Cikin mutum 12 na farko da ya ba da labarinsu, 5 ba su tashi ba. Amma waɗanda suka tashi, da yawa sun rabu da ciwon da a da ba a rabuwa da shi.

Cikin 1932 Cuthbert Dukes, mai duba tsoka da madubi a St Mark's, ya kasa ciwon kashi uku. Na fari, dajin bai fita bangon hanji ba. Na biyu, ya huda bango amma bai kai kaluluwa ba. Na uku, ya shiga kaluluwa. Na kashin fari mafi yawansu su kan warke da aiki kaɗai, na kashi na uku kuwa abin ya fi wuya. Har yau a kan tushen wannan awo likitoci ke tafiya, ko da ya ke an ƙara masa rassa. Cikin 1982 kuma wani likita, Heald, a garin Basingstoke na Ingila, ya nuna cewa in an cire hanjin tare da kitsen da ya lulluɓe shi gaba ɗaya ba a yaga ba, komowar ciwon a wurin ta kan ragu ƙwarai.

Awon Dukes yana da amfani, amma lura da abin da ya ke aunawa. Ƙarfin abokin gaba kaɗai ya ke dubawa, da nisan da ya ci cikin ƙasa. Bai tambayi ko akwai maza a ribaɗi ba. Shi ya sa mutum biyu 'yan kashi ɗaya su kan rabu a ƙarshe.

AN KOMA ƘIDAYAR DAKARU

Wanda ya cike wannan giɓi shi ne Jeremy Jass, shi ma a St Mark's. Cikin 1986 ya ɗauko tsokar mutum 447 waɗanda aka cire wa dajin ƙarshen hanji, ya duba bakin iyakar kowane ƙari, wurin da tsokar daji ta haɗu da tsoka mai lafiya. A waɗansu ya ga fararen ƙwayoyi sun yi sahu sun kewaye ƙarin kamar ganuwa. A waɗansu 'yan kaɗan, a waɗansu kuwa fayau, ba kowa. Sa'an nan ya bi labarin mutanen. Cikin kowane 100 masu dakaru da yawa, 92 ciwon bai kashe su ba cikin shekara biyar. Masu matsakaici, 65. Masu kaɗan, 36 tak. Ba wani sabon inji ya yi aiki da shi ba, madubin nan ne dai da kowane mai duba tsoka ke da shi.

Bayan shekara 20, cikin 2006, wani masani a Paris ta Faransa, Jérôme Galon, da abokan aikinsa suka ɗauki maganar suka ƙara mata ƙarfi. Suka rina tsokar mutum wajen 400 da wani rini mai nuna irin dakarun da ke kashe ƙwayar daji, suka sa inji ya ƙidaya su a wuri biyu, tsakiyar ƙarin da bakin iyakarsa. Suka tarar wannan ƙidaya tana faɗin makomar majiyyaci, wani lokaci har fiye da tsohon awo. Ƙaramin ƙari marar tsaro ya kan komo, babba wanda dakaru suka yi wa zobe ya kan tafi ke nan. Cikin 2018 aka gwada wannan ƙidaya a ƙasashe 13, kan mutum 2,681 masu dajin babban hanji, maganar ta tabbata.

Me ya sa haka? In likita ya cire ƙari, ba ya iya ganin 'yan ƙwayoyin da suka riga suka sulale cikin jini. Su ne kan tsiro daga baya a hanta ko huhu. Jikin da dakarunsa suka riga suka san fuskar ɗan tawaye, su kan bi waɗannan guda guda su kashe. Jikin da dakarunsa ba su farga ba, sai ɓarnar ta yi ta tafiya a ɓoye.

WANDA ZA A YI WA AIKI DA WANDA ZA A JIRA

Dajin ƙarshen hanji yana da wata matsala tasa. Wurin matsattse ne, tsawonsa bai kai taƙi guda ba, ga mafitsara kusa, ga jijiyoyin da namiji ke bukata. Saboda haka in ƙarin ya yi girma, a kan fara gasa shi da haske, a haɗa da magani, don ya motse kafin a sa wuƙa. Wata likitar fiɗa a São Paulo ta ƙasar Brazil, Angelita Habr-Gama, ta lura cewa waɗansu in an gasa, ƙarin ya kan ɓace sarai. Cikin 2004 ta ba da labarin mutum 265, cikinsu 71 ba a ga sauran ciwo ba, ta bar su ba aiki, sai dai dubawa a kai a kai. Mafi yawansu suka zauna lafiya da hanjinsu, ba jaka.

Amma wa za a bari, wa za a yi wa aiki? In an bar wanda ciwonsa ya ɓuya ne kawai, an cuce shi. Nan ma aka koma ga dakaru. Mutanen Paris suka ƙidaya su cikin ɗan gutsuren tsokar da a kan ɗiba tun ran farko, kafin a soma gashi. Cikin 2020 suka nuna cewa masu dakaru da yawa sun fi jin gashin. Cikin 2023 suka bi mutum 249 waɗanda aka bari ba aiki: masu dakaru da yawa, kamar 9 cikin 10 ciwon bai komo musu ba har shekara biyar, masu kaɗan kuwa wajen rabi ya komo. Gashin yana fasa ƙwayoyin daji, dakaru kuwa su ƙarasa abin da ya saura.

KWANCE LINZAMI

Saura tambaya guda. In dakaru na nan, don me ba su gama da ƙarin tun farko ba? Amsar ta fito daga wani masanin Japan, Honjo, da wani na Amurka, Allison, waɗanda aka ba babbar kyautar Nobel cikin 2018. Sun gano cewa dakarun jiki suna da linzami, wanda ke hana su far wa 'yan gida. Daji kuwa ya kan koyi jan wannan linzami, sai ka ga dakaru tsaye a bakin iyaka ba su motsi. Aka haɗa magunguna masu kwance shi.

Ba kowane daji ke jin wannan magani ba. Ka san mai kwafe littafi ya kan yi kuskure, shi ya sa a kan sami mai bi yana gyarawa. Haka ƙwayoyin jiki su ke in za su hayayyafa. Akwai wani irin daji wanda mai gyaransa ya mutu, kurakurai suka yi masa yawa, kamanninsa suka sāke har dakaru ba su kasa gane shi. Irin wannan shi ya fi tara dakaru, shi ya fi jin maganin. Cikin 2022, a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, wurin da Coley ya yi yawancin aikinsa, wata likita Andrea Cercek da abokan aikinta suka ba mutum 12 masu irin wannan daji a ƙarshen hanji wani magani, dostarlimab, ta jijiya, sau ɗaya kowane mako uku har wata shida. Duka 12 ƙarin ya ɓace, ba wuƙa, ba gashi. Cikin 2025 adadin waɗanda suka gama shan maganin ya kai 49, dukansu haka. Abin da Coley ya lalube cikin duhu, ga shi an gan shi da rana.

A Amurka masu irin wannan daji ba su wuce 5 zuwa 10 cikin 100 na masu dajin ƙarshen hanji ba. A Nijeriya fa? Likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Olusegun Alatise, tare da na New York, sun bincika tsokar majiyyatanmu, suka ba da labari cikin 2021. Sun tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dajin hanjin da suka duba irin wannan ne. Sun kuma tarar namu majiyyatan sun fi na can ƙuruciya, ciwon ya fi fito musu a ƙarshen hanji, kuma da yawa ba su iso asibiti ba sai ya riga ya bi jiki. Maganin nan yana da tsada ƙwarai, ba kowa ke iya kai hannu gare shi ba. Amma sanin irin dajin yana da amfani ko da hakanan, domin wani lokaci gadonsa a kan yi, sai a duba 'yan'uwa da 'ya'ya tun ba su kamu ba.

ABIN DA YA RAGE GARE KA

Kada ka ji wannan tarihi ka ce, to, bari in nemi maganin ƙara ƙarfin jini in zauna gida. Babu wani tsimi ko kwalba ta kasuwa da aka tabbatar tana tura dakaru cikin ƙari. Dukan mutanen nan da muka ƙidaya, da masu dakaru da yawa da masu kaɗan, sai da aka yi musu magani a asibiti. Dakaru taimakon likita su ke yi. Wanda nasa suka yi kaɗan kuma kada ya yanke ƙauna, gama in an kama ciwon bai fita bangon hanji ba, aiki kaɗai ya kan isa. Ƙidayar nan ta inji ba kowane asibiti ke yinta ba, amma duba tsoka da madubi ana yi a manyan asibitocinmu, kuma shi ne mafarin komai. Ba a ganin dakaru a fuskar mutum, ko a ƙarfin damtsensa. Sai an ɗebi tsoka an duba.

Saboda haka ga alamun da za ka kula da su:

1. Jini ko majina cikin bayan gida, yau da gobe.
2. Sākewar bayan gida, zawo ko taurin ciki, har makonni ba dalili.
3. Ka gama bayan gida ka ji kamar da saura, ka yi ta komawa.
4. Bayan gida ya sirance.
5. Rama, da kasala, da ɗashewar ido da tafin hannu.

Gaskiya ne yawancin masu ganin jini basur ne, ko atuni, ko tsutsar ciki, musamman masu aikin fadama da noman rani a bakin Gulbin Rima. Amma mutum ba ya iya rarrabewa da kansa. Likitocin Ile-Ife ɗin nan sun leƙa hanjin mutum 362 'yan shekara 45 zuwa sama masu zubad da jini, suka sami daji a kusan ɗaya cikin biyar. Mai basur ma yana iya samun daji a bisansa. In ka sha maganin basur mako biyu ko uku jini bai tsaya ba, kada ka sāke wani mai magani, kada kuma ka yarda a yanke maka wani abu a gida. Faɗa wa ma'aikacin ɗakin shan magani gaskiya, da sunan abin. Shi zai tura ka babban asibiti na Wurno, ko Rabah, ko Goronyo. Likita zai sa safar hannu ya duba da yatsa, abin minti ɗaya, da yawan irin wannan ƙari kuwa yatsa na kai wa gare shi. In ya ji abin da bai gamsu da shi ba, zai ba ka takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a leƙa da bututu mai fitila, a ɗebi ɗan gutsure. In sakamako ya fito, tambayi likita: wane mataki ciwon ya kai, kuma wane iri ne?

Maigida, in matarka ta ce tana ganin jini, kada ka ce ai na haihuwa ne. Ba ta izini, ka raka ta, tana kuma iya roƙon mace ta duba ta. In an ce za a sa jaka, kada ka gudu. Mutane da yawa suna noma da kasuwa da ita ƙarƙashin riga, wata jakar ma ta 'yan watanni ce, a rufe. Wanda aka ce a jira kuwa, kada ya tsallake ranar komawa ko ɗaya. Mai jinya ya ci abinci sosai, wake da ƙwai da nono da ganye, ya bar taba, don jiki ya iya ɗaukar magani.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, yau da ka ke nan ɗakin shan magani ita ce ranar faɗi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita. Sai wani jiƙon.